Harsashi na Biyu

Bindigar mahaifinmu mai baki biyu ce, ƙirar Ingila, ya saye ta ne tun kafin a haife ni a hannun wani Bature ma'aikacin jirgin ƙasa da zai koma gida. A ƙarƙashin gadonsa take kwana, naɗe cikin wani tsohon bargo, takardar lasisinta kuwa tana cikin akwatin ƙarfe tare da takardar gida da fasfon da ya yi aikin hajji da shi. Harsashi biyu kawai yake ajiyewa, ɗaya ga kowane baki. Duk lokacin da lasisin ya kusa ƙarewa sai ya sanya babbar riga da dara, ya tafi ya sabunto shi kamar mai zuwa ɗaurin aure. A iya sanina sau ɗaya tak aka taɓa harba wannan bindiga a gidanmu. Amma ba harbin da aka yi ne ya daɗe yana ci mini rai ba, wanda aka ƙi yi ne.

A Sabo ta Ibadan na tashi. Mahaifinmu fatoma ne na fataken goro, wato su taso daga Kano ko Gusau ko Sakkwato su sauka a gidansa, ya ba su wurin kwana da abinci, su damƙa masa kuɗinsu, shi kuma ya tura yaransa ƙauyukan Yarabawa su sayo goro, a tsince, a ɗaure huhu, a ɗora wa mota. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san cewa jarin fatoma ba kuɗi ba ne. Jarinsa shi ne mutum ya ajiye masa dukiya ba takarda ba shaida, ya tafi masallaci hankalinsa kwance.

A cikin daminar 1994, bayan an tsare Abiola, ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aikin nan da ya kai wata biyu. Ƙasar Yarabawa ta tsaya cik. Motocin goro suka yi jerin gwano a tasha babu mai, bankuna yau a buɗe gobe a rufe, kuɗin baƙi kuma suka taru a hannun Baba, ba a sayi kaya ba, ba a kai ajiya ba. A wancan lokaci babu takardar kuɗin da ta wuce naira 50, saboda haka naira dubu 240 ta fatake bakwai sai da ta cika bakko guda. A ɗakin da ke jikin zaure aka ɓoye shi, ƙarƙashin tarin ganyen ɗaurin goro. Waɗanda suka san da zamansa ba su kai mutum goma ba, kuma har yau in na fara wannan lissafi sai in ga gara in bar shi.

Wajen ƙarfe biyu na dare suka zo, su biyar ko shida. Babu wuta a unguwar, ruwan da aka yi da magariba ya ɗauke, ga farin wata kamar a tsinci allura. Ƙofar zaure ba ta ba su wahala ba. Kai tsaye suka nufi ɗakin nan, ko lalube ba su yi ba, sannan suka juyo kan ƙofar tsakiya, wadda in an wuce ta sai ɗakunan mata. Shekarata 16. Na fito na tarar da Baba tsaye a tsakar gida daga shi sai 'yar shara, bindiga a hannu. Ya miƙo mini tocila ya ce in tsaya bayansa. Ana ta dukan ƙofa da wani abu mai nauyi, iyayenmu mata sun tattara yara a ƙuryar ɗaki sai salati suke yi. Baba ya ɗaga murya ya ce, "Na haɗa ku da Allah ku tafi, akwai bindiga a hannuna." Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Yarabanci, ya sake faɗa na uku. Amsar da suka ba shi ita ce harbi ta jikin ƙofar, harsashin ya fasa randar da ke gefenmu, ruwa ya malale mana ƙafafu. Sai ya karkata bakin bindiga wajen ƙasan ƙofa ya ja kunama. Na ji wani ya kurma ihu, na ji gudu.

Baba ya zare sakata muka fita. Sauran sun riga sun sha kwana suna jan wanda aka samu. Ɗaya ne ya rage, wanda ya ɗauki bakkon a ka. Santsi ya kwashe shi a bakin kwata, ya tashi ya sake cicciɓa, ya miƙa cikin lungu. Tsakaninmu da shi bai fi taku 15 ba. Na dallare shi da tocila, ina ganin ƙeyarsa da jar rigar da ke jikinsa, babu komai a hannunsa sai kuɗin mutane. Baba ya ɗaga bindiga ya kafa a kafaɗa. Na ce, "Baba, ga shi nan! Baba, harbe shi!" Watakila tsayuwar ba ta wuce a ja numfashi uku ba. Sai ya sauke ta ya ce, "Kashe fitilar nan."

Washegari 'yan sanda suka zo a ƙasa, don su ma ba su da mai. Abin da ya ba ni haushi a lokacin shi ne, tambayoyinsu a kan bindigar sun fi tambayoyinsu a kan kuɗin yawa. Suka duba lasisi, suka duba ƙofa ciki da waje don su gane wane rami ne ya shigo wane ne ya fita, suka bi inda jini ya ɗiɗɗiga, suka buɗe bindigar suka ga harsashi ɗaya ya tashi ɗaya yana nan. Suka tafi da Baba ya wuni yana ba da bayani, bindigar kuwa sai da ta yi mako uku a hannunsu. Na ce a raina, wato mu da aka yi wa fashi mu ne abin tuhuma ke nan. Ba a kama kowa ba, ba a kuma ga ko sisi ba.

Babu ɗaya daga cikin fataken nan bakwai da ya ce sai Baba ya biya, hasali ma a shari'a amanar da ta salwanta ba da sakaci ba ba a bin mai riƙonta. Amma shi ya san in bai biya ba ya gama fatomanci. Ya sayar da rabonsa na wata babbar mota da suka yi tarayya a kanta, ya sayar da filinsa na Zariya wanda yake burin komawa ya gina in ya tsufa, ragowar ya riƙa biya kaɗan-kaɗan daga la'ada har shekara huɗu. Ni kuwa da na gama sakandare sai aka ce in dakata, na shekara uku ina ɗaurin huhu abokaina suna jami'a. A majalisar bakin masallaci har aka sami masu cewa bindigar Alhaji ta ado ce. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ni ma haka na ɗauka. Ban taɓa furtawa ba, don ba a yi mana irin wannan tarbiyya ba, amma na daɗe ina durƙusawa in gaishe shi da safe alhali zuciyata tana ce mini da yatsa ɗaya ya sayar da karatuna.

Abin da ya sauya mini tunani ba wa'azi ba ne, aiki ne. Bayan Allah ya sa na yi karatun daga baya, sai na sami aikin tafinta a kotu, ina fassara wa Hausawan da shari'a ta biyo ta kansu a nan Kudu, masu gadi da 'yan dako da mahauta da direbobi da makiyaya. Tafinta ba lauya ba ne, amma wanda ya shekara yana juya maganar lauyoyi daga wannan harshe zuwa wancan dole ya san inda dokar ta miƙe da inda ta lanƙwasa. A nan ne na gane cewa daren nan namu a idon doka dare biyu ne, kuma ƙofar tsakiya ce ta raba su.

Kundin laifuffukan da yawancin jihohin Kudu ke aiki da shi tsoho ne. Gwamna Lugga ya kafa shi a Arewa a 1904, aka shimfiɗa shi a kan ƙasar duka a 1916, asalinsa kuwa daga wata jiha ta Ostireliya aka kwafo shi. Sashe na 282 ya ba mai gida damar ya yi amfani da ƙarfin da ya ga ya zama dole, bisa dalilin da hankali zai kama, don hana a fasa masa gida a shiga da niyyar aikata laifi, dare ne ko rana. Sashe na 286 kuma ya yarda cewa wanda aka kai wa hari irin wanda mai hankali zai ji tsoron mutuwa ko mummunan rauni, kuma bai ga wata hanyar tsira ba, yana iya kare kansa ko da maharin zai rasa ransa. Harbin Baba na farko ya zauna a nan daram: ana dukan ƙofa, an riga an harbo, mata da yara suna baya. Da wanda ke bayan ƙofar ya mutu nan take, da wuya doka ta kama Baba da laifi.

Amma da aka zare sakata sai aka shiga wani sashen. Na 289 yana magana ne a kan kayan da ake iya ɗauka, kuɗi ne ko akuya ko keke. Kana iya hana a ɗauka, kana iya ƙwatowa da ƙarfi gwargwadon buƙata, da sharaɗin ba za ka ji wa mutumin ciwo ba. Ko kama shi kake son yi don ka miƙa wa hukuma sai ya sheƙa, dokar ba ta yarje wa wanda ba jami'in tsaro ba ya tsayar da shi da abin da zai iya kisa ba. Sashe na 298 kuma ya ɗora wa mutum alhakin duk abin da ya wuce kima. Tun a 1952 kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta tabbatar da laifin kisan kai a kan wani mutum mai suna Obot, wanda ɓarawo ya fasa masa gida da dare ya saci nama, shi kuma ya bi shi ya sassare shi da adda. Wanda aka samu da kisan kai kuwa, a wannan kundi, hukuncinsa kisa ne.

A Arewa kundin daban ne, na 1959 wanda ya fara aiki a 1960, aka ɗauko tsarinsa daga Sudan, ita kuma daga Indiya, ko da yake jihohi da dama sun sake wa nasu fasali daga baya. Shi ya fito fili ya lissafa inda kare dukiya kan iya kaiwa ga kisa, kamar fashi, da fasa gida da dare, da cinna wa gida wuta. Sai a ga kamar ya fi sassauci, amma shi ma ya ɗaure hannun mai kaya da igiya biyu: kada ya yi ɓarnar da ta wuce abin da kariyar ke buƙata, kuma babu wannan haƙƙi inda akwai lokacin neman agajin hukuma. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 33, ya ambaci kare dukiya cikin dalilan da rai kan iya salwanta ba tare da an ce an keta haƙƙin mamacin ba, sai dai ya gindaya cewa gwargwadon yadda doka ta yarda, da ƙarfin da ya zama dole. Mutane da yawa rabin farko suke ji su tashi. Alal haƙiƙa abin da dokokin nan suka ba mai bindiga shi ne izinin harbi saboda tsoro, ba saboda fushi ba. Bahaushe ya ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. To ko a ranar tasa, mai kaya ba alƙali ba ne, ba kuma hauni ba.

Wanda ya koya mini wannan a aikace wani maigadi ne, mutumin wajen Tawa ta ƙasar Nijar, da na yi wa tafinta wajejen 2009. Gadin wani gareji yake yi inda manyan motoci ke kwana. Sau uku ana sace batir, sau uku ana yanke masa albashi. Sai mai garejin ya kawo masa wata bindiga ƙirar maƙera mai baki ɗaya ya ce ya riƙe. Wani dare ya ga mutum biyu sun tsallake waya da batir a kafaɗa, ya yi musu tsawa ba su tsaya ba, ya harba. Ɗaya ya faɗi, saurayi ne da bai kai shekara 20 ba. Kafin a fara shari'ar maigadin ya riga ya shekara biyar a tsare, mai garejin kuwa ya rantse bai taɓa ganin bindigar ba.

Tun daga bindigar kanta laifi ya fara. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: na yaƙi, har da ƙaramar bindigar hannu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, irin ta Baba, wadda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinta, sai bindigar toka ta maharba, wadda ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Lasisi kuma na mai shi ne, ba a aronsa, ba a miƙa wa yaron gida. Wannan bawan Allah kuwa a bakina ya fara jin kalmar. Da na fassara masa cewa za a auna abin da ya yi ne da abin da mutum mai hankali zai yi, har sai da ya ji haushi, ya zaci mahaukaci aka kira shi.

Mai gabatar da ƙara bai wahalar da kansa ba. Rahoton likita yana gabansa, ƙwayoyin harsashi ta baya suka shiga, tsakanin kafaɗa da ƙugu. Tambaya huɗu ya yi, ni na juya su ɗaya bayan ɗaya. Sun nuna maka makami? A'a. Sun taso maka? A'a. Da ka harba, gabansu kake gani ko bayansu? Ya yi shiru, sannan ya ce baya. Da ka ƙyale su sun tafi, me zai same ka? Ya ce za a yanke masa albashi. Daga nan ya juyo gare ni, ba ga alƙali ba, ya ce da harshensu na Adar, "Malam, ka tambaye su, to mi anka ɗauke ni in yi?" Na fassara. Babu wanda ya amsa, don ba irin tambayar da kotu ke amsawa ba ce. Alƙali ya yi masa uzurin cewa don ya razana su ya harba, bai auna kowa ba, saboda haka ya same shi da kisan da ba na ganganci ba, ya ɗaure shi shekara 12 har da waɗanda ya riga ya yi. Ni na faɗa masa adadin da Hausa. Ya ƙirga da yatsu ya ce, "Saura bakwai." Sannan ya tambaye ni ko na san mai zuwa wajensu da zai kai wa iyalinsa saƙo.

Ranar ban iya cin abinci ba. Na ga Baba da babbar rigarsa tsaye a inda maigadin nan ya tsaya, na ga wani tafinta yana juya masa tambaya ta uku, kuma na san wa za a fara kira shaida: yaron da ya riƙe fitila, wanda ya ce a harba.

Da na ba wani malaminmu na zaure wannan labari, sai ya yi murmushi ya ce Baba ba a wajen lauya ya koyo ba. Malaman Malikiyya, in ji shi, sun yarda mutum ya yi faɗa don kare dukiyarsa, kuma wanda aka kashe a kan haka ana sa masa ran shahada. Amma sun ce a fara yi wa ɗan fashi magiya da Allah in da hali, a kuma tunkuɗe shi da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi, kada a kai ga kisa sai in babu makawa. Sai a ranar na fahimci kiran nan uku da Baba ya yi a bayan ƙofa, wanda a da na ɗauka tsoro ne ya sa shi.

To kada mai karatu ya zaci na zama lauyan ɓarayi, ko kuwa ina ganin dokar ba ta da aibi. Tana da shi, babba ma. An gina ta ne a kan alkawari: kai ka sauke bindiga, ni hukuma in kamo maka ɓarawo in dawo maka da kayanka. Baba ya cika nasa, ɗaya ɓangaren kuwa har ya koma ga Allah yana jira. Ita kanta hukumar ba ta ƙyamar harbin ɗan fashi. Tun 1970 dokar soja ta sanya hukuncin kisa a kan fashi da makami, aka harbe Oyenusi a bakin teku a Legas a 1971 gaban dubban 'yan kallo, aka harbe Anini a birnin Benin a 1987. Abin da take cewa kawai shi ne harbin nata ne. Tsananin hukuncin kuma ya koya wa 'yan fashi cewa shaida mai rai ajalinsu ne, saboda haka mai gidan da ya ji ana dukan ƙofarsa yana da dalilin zaton mafi muni.

Ga kuma maganar lokaci. Abin da mutum ya yanke cikin numfashi uku, jikinsa na ɓari, shi alƙalai za su shekara goma suna jujjuyawa a ƙarƙashin fanka. Dubi shari'ar Sunday Jackson, manomin nan na Adamawa da ya ce wani makiyayi ya kai masa hari da wuƙa a gonarsa a 2015, ya ƙwace wuƙar ya kashe shi da ita. Babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2025, bisa hujjar cewa da ya ƙwace makamin haɗarin ya kau, kamata ya yi ya gudu. Ɗaya daga cikin alƙalan ba ta yarda da 'yan'uwanta ba, kuma a ƙarshen wannan shekarar gwamnan jihar ya yi masa afuwa. Babu bindiga a maganar, amma iyakar ɗaya ce, kuma in manyan alƙalan ƙasa sun saɓa a kan inda take da rana tsaka, ina ga mai gida cikin duhu?

Abin da ya fi damuna shi ne abin da na ji daga gida lokacin da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin ya ce wa jama'a su nemi makami su kare kansu, a 2022 na Zamfara ya ce su nemi lasisin bindiga, manyan jami'an tsaro kuma suka fito suka ce gwamna ba shi da wannan iko. Ban ga laifin mutumin ƙauyen da ya nemi abin kare iyalinsa ba. Amma a cikin duk wannan hayaniya ban ji an tara mutane an gaya musu da Hausa inda izininsu ya ƙare ba. A zuga mutum ya ɗauki bindiga, a ɓoye masa iyakarta, ranar da ya ƙetare kuma a kira irina ya fassara masa hukunci.

Duk da haka in aka ce in zaɓa, ina bayan iyakar. Ba don tausayin mai jar riga ba, shi kam har yau ban yafe masa ba in yana raye. Dalilina shi ne na ga abin da ihun "ɓarawo" ke haifarwa a kasuwanninmu, taya da fetur, kuma na san ba kullum ne mai gudu yake zama mai laifi ba. Mu Hausawan Kudu mun fi kowa sanin haka. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta a Uromi ta Jihar Edo suna hanyar komawa Kano, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16 ba tare da alƙali ya ji ta bakinsu ba. Ranar da doka ta yarda kowa ya harbi wanda ya ba shi baya bisa zato, baƙo ne zai fara kwantawa, ɗan dako mai sammako ko mai shayin da ya tashi aiki da tsakar dare. Da irin wannan doka ce ke aiki a Ibadan, ban tabbata mu 'yan Sabo ne za mu ci ribarta ba.

Sau ɗaya na tambayi Baba, a shekarar da ya rasu. Muna zaune a zauren nan da la'asar sakaliya, ƙofar tsakiyar tana nan da facin kwano a inda harsashi ya ɓula ta. Na kewaya na kewaya, sannan na ce, "Baba, daren nan, me ya hana ka?" Na zaci zai kawo mini aya, ko ya ce ya san doka. Ya daɗe yana jujjuya goro a hannunsa kafin ya fasa, sannan ya ce, "Ai na farkon ma ban ji daɗinsa ba. Har yau ban san ko yaron ya rayu ba." Ya miƙo mini ɓari guda, ya ce in leƙa in ga ko ladan ya iso.

Da aka zo rabon gado ƙanena ya so a bar masa bindigar. Na gaya masa lasisi ba ya cikin abin da ake gada, ya tafi tare da mai shi. Na naɗe ta cikin bargonta don in kai wa hukuma. Da na buɗe akwatin ƙarfe ina neman takardarta, sai na ga harsashin nan a ƙasa, naɗe cikin wata 'yar takarda da Baba ya rubuta kwanan watan a kanta da ajami. Ashe bai ƙara sayen wani ba tun daga 1994. Kofur ɗin da ke kanta ya jujjuya shi a tafin hannu, ya ga gindinsa ya yi tsatsa, ya ce wannan ai ko an harba ba zai tashi ba. Ya rubuta mini takardar shaida, bindiga ɗaya, harsashi ɗaya. Na sa hannu, na tari ɗan acaɓa na koma Sabo.